Ido Daga Sama: Tarihin Tsaro da Rufin Asiri a Ƙasar Kankiya da Kusada

1.0 Gabatarwa

A farkon shekarar 1851 wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarim, ya bar birnin Katsina ya nufi Kano, bayan Sarkin Katsina Muhammadu Bello ya riƙe shi 'yan kwanaki. Hanya ta bi da shi ta Kusada, inda ya tarar da gari babba mai ganuwa da dogayen itatuwan rimi. Ya rubuta abin da idonsa ya gane masa na gonaki da itatuwa da fatake. Amma abin da ke bayan zaurukan mutane bai isa ya gan shi ba, domin shi mai tafiya a ƙasa ne, katanga kuwa saboda irinsa aka gina ta. A yau, na'urar da ba ta fi faifai faɗi ba tana iya tashi daga bakin kasuwa, ta ɗauki hoton tsakar gidajen unguwa guda kafin a gama alwala.

Wannan maƙala za ta bi tarihin yadda mutanen tsakiyar ƙasar Katsina, musamman yankin Kankiya da Kusada, suka riƙa ɗaukar mai kallonsu, tun daga ɗan leƙen da ke bisa ganuwa har zuwa jirgi maras matuƙi. Ra'ayin al'umma a kan irin wannan al'amari ana karanta shi ne a cikin gininta da shari'arta da harshenta, da kuma yadda ta karɓi abubuwan da suka faɗa mata. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, Bahaushe bai taɓa ƙin a sa masa ido don tsaro ba, sai dai ya gindaya sharuɗɗa uku: a san mai kallon, ya sanar kafin ya kalla, kuma a sami inda za a kai ƙararsa idan ya ƙetare iyaka. Damuwar da ake yi da jirgi maras matuƙi ta samo asali ne daga yadda ya tsallake sharuɗɗan nan gaba ɗaya.

2.0 Gida: Rufe ta Gefe, Buɗe ta Sama

Duk wanda ya san tsarin gidan Bahaushe ya san cewa an gina shi ne mataki-mataki, kowane mataki da irin mutumin da aka yardar wa ya taka shi. Baƙo namiji iyakarsa zaure. Aboki na kusa ko suruki yana iya wucewa zuwa shigifa. Cikin gida kuwa na mata ne da yara da maigida da muharramai. Ƙofar zaure ta ciki ba a saita ta da ta waje, don kada idon mai wucewa ya zarce kai tsaye. A ƙauye, inda ba kowa ke da halin katangar ƙasa ba, dangar kara ko zana ita ke yin wannan aiki, kuma gyaranta bayan girbi yana cikin abubuwan da ake auna mutuncin magidanci da su.

Sai dai duk wannan kariya ta gefe ce. Ta sama gidan a buɗe yake. A tsakar gida ake daka da girki da wanki da kitso, a nan mace ke ajiye mayafinta, a nan iyali ke shimfiɗa tabarma su kwana a lokacin bazara. Makewayi a yawancin gidajen gargajiya ba shi da rufi. Rumbuna da turken dabbobi su ma a fili suke, wanda ya ƙirga su kuwa ya san ƙarfin gidan. Magina na da ba su ga dalilin rufe sama ba, saboda ba mai kallo daga can sai tsuntsu da Mahalicci.

Harshe ma ya nuna nauyin wannan al'amari. Kalmar asiri da kalmar sutura duka daga Larabci aka aro su, amma Hausa ta faɗaɗa ma'anarsu. Rufin asiri ya wuce ɓoye laifi. Idan aka ce mutum yana cikin rufin asiri, ana nufin yana da abin da zai ci da iyalinsa ba tare da duniya ta san ƙwarewar tukunyarsa ba. Idan aka ce asirinsa ya tonu, to abin da ya kamata ya tsaya a cikin gida ya fito waje. Sutura kuwa tufa ce, kuma ita ce likkafani da kabari. Saboda haka abin da ake karewa a bayan katanga shi ne mutuncin mata da kuma talaucin gida ko wadatarsa, ba lalle sai wani abin kunya ba. Shi ya sa masu iya magana suka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Da yake akwai lokutan da dole namiji ya hau sama, kamar magini mai yaɓen soro kafin damina ko mai sassabe reshen itace, al'ada ta tanadi mafita. Mai hawa yakan aika yaro ko ya ɗaga murya ya sanar da maƙwabta, mata su kimtsa, sa'an nan ya hau. Wanda ya hau ba sanarwa ya jawo wa kansa magana a gaban mai unguwa.

3.0 Abin da Shari'a ta Tanada

Wannan al'ada tana da gindi a cikin littattafan da malaman Katsina suka daɗe suna karantarwa a zaure. Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratun Nur, ya hana shiga gidan wani sai da izini da sallama, a cikin Suratul Hujurat kuma ya hana bin diddigin asirin mutane. Hadisi ingantacce ya tsananta a kan mai leƙa gidan mutane ta kafa, har ya nuna cewa idan masu gida suka ji wa idonsa rauni ba su da laifi.

Malaman mazhabar Malikiyya sun sauko da waɗannan ƙa'idoji zuwa ga gini da maƙwabtaka. A cikin Muhtasar na Shaihu Halil, wanda alƙalan ƙasar Hausa suka dogara da shi ƙarni bayan ƙarni, an yi hukuncin toshe tagar da aka buɗe tana kallon gidan maƙwabci. An kuma ce ba a hana mai dabino hawa dabinonsa, amma wajibi ne ya yi gargaɗi kafin ya hau. Masu sharhi sun tattauna har batun ladanin da hasumiyarsa ke leƙa gidajen mutane. Wani magini masanin fiƙihu na birnin Tunis, Ibn al-Rami, ya tattara irin waɗannan hukunce-hukunce a littafi guda a ƙarni na 14. Abin lura a nan shi ne, shari'a ba ta hana hawa sama ba. Ta amince cewa mai dabino yana da haƙƙi a kan 'ya'yan itacensa, maƙwabciyarsa kuma tana da haƙƙi a kan suturarta, sai ta sulhunta su da sanarwa.

Hukuma ma ba ta tsira daga wannan iyaka ba. Malamai kan kawo labarin Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, wanda ya haura katangar wani gida da dare saboda ya ji alamar ana saɓo a ciki. Mai gidan ya amsa laifinsa guda, amma ya lissafa wa Halifa uku: ya yi leƙen asiri, ya shigo ba ta ƙofa ba, kuma bai yi sallama ba. Halifa ya karɓi hujjar ya fita. Al-Mawardi, a littafinsa na hukunce-hukuncen mulki, ya hana mai hisba binciken abin da aka ɓoye a gida, sai fa idan akwai alama mai ƙarfi cewa za a aikata ɓarnar da ba ta gyaruwa, kamar kisan kai. Wannan togaciya ita ce ƙofar da tsaro ke shiga ta cikinta, kuma an ƙuntata ta da gangan.

A ɗaya ɓangaren, Shaihu Muhammad al-Maghili, wanda ya zauna a Kano da Katsina a ƙarshen ƙarni na 15, ya shawarci sarki a cikin wasiƙarsa ga Muhammadu Rumfa da ya kasance yana da amintattun masu kawo masa labarin abokan gaba. Ke nan tun farko an raba ido biyu: wanda ake juyawa waje, ga maƙiyi, wanda yake wajibi ne a kan sarki, da wanda ake juyowa ciki, ga gidan talaka, wanda ba ya halatta sai da larura.

4.0 Ganuwa da 'Yan Leƙe a Ƙarni na 19

Ganuwar da Barth ya gani a Kusada ba ado ba ce. Bayan da masu jihadi suka ci birnin Katsina a 1807, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki, zuriyar sarakunan Haɓe suka koma arewa suka kafa Maraɗi. Daga can suka yi ta kawo hari cikin ƙasar Katsina kusan tsawon ƙarnin, musamman a zamanin Sarki Ɗan Baskore. Yammacin ƙasar, wajen Ruma, ya watse ya koma daji, dajin nan kuwa ya zama hanyar mahara. Marigayi Yusufu Bala Usman ya yi bayanin wannan zamani a littafinsa na tarihin Katsina da aka buga a 1981. Garuruwan tsakiya, waɗanda ke kan hanyar fatake tsakanin Katsina da Kano, sun rayu ne da ganuwa da ƙofofin da ake rufewa da dare, da kuma kunnen da ke sauraren kuwwa daga gona.

A irin wannan hali, mai hangen nesa abin so ne. Tarihin baka na Katsina yana cewa hasumiyar Gobarau, ban da kiran salla, ta yi aikin wurin hango mahara. Sarkin ƙofa yana tambayar baƙo daga ina, zuwa ina, wurin wa zai sauka. Fatoma yana da alhakin baƙin da suka kwana a gidansa. Mai unguwa ya san wanda ya haihu da wanda ya yi baƙo. Idan aka auna da mudun yau, wannan sa-ido ne mai tsanani, amma jama'a ba su ɗauke shi cin mutunci ba. Dalili kuwa shi ne, mai gadin ɗan gari ne, an san ubansa, matarsa tana cikin gidajen da yake tsarewa, fuskarsa kuma tana duban daji. Ran da ya juyo da ita cikin gari, akwai dagaci da alƙali.

5.0 Zamanin Turawa: Idon da ke Ƙirga

Turawan Ingila sun shiga Katsina a 1903. Cikin 'yan shekaru, a ƙarƙashin jami'insu H. R. Palmer da Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya hau gadon sarauta a 1906, aka yanka ƙasar gunduma-gunduma, aka tura hakimai su zauna a cikin ƙasashensu. Da wannan tsari wani sabon ido ya shigo ƙauye, watau idon malamin haraji. Ana ƙirga magidanta da baligai, ana ƙirga shanu don jangali, a wasu sassan Arewa har gonaki aka riƙa aunawa da taki. Talaka ya koyi darasi cewa duk abin da hukuma ta gani, kuɗi za ta ɗora masa. Makiyayi ya koyi kora wani ɓangare na garkensa cikin daji ranar ƙirga. Ko da gwamnatin Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna a 1979, lokacin da Kankiya take ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin lardin Katsina, wannan ɗari-ɗari da mai littafi da alƙalami bai gushe ba. Ma'aikatan ƙidaya da na rigakafi sun sha karo da shi daga baya.

A wannan zamani ne kuma aka fara kallon ƙasar Hausa daga sama. Ran 1 ga Nuwamba 1925 jiragen sama uku na sojan Ingila, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, suka sauka a Kano daga Masar. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1946, Ingila ta kafa hukumar safiyo ta ƙasashen da take mulka, jirage suka riƙa ɗaukar hotunan ƙasa don zana taswira. Masana sun ci moriyar wannan aiki. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa a 1967, ta yi amfani da hoton sama wajen gane iyakokin gonakin manoma. Amma wannan kallo bai tayar da hankalin kowa ba, saboda jirgin yana wucewa ne can ƙololuwa, sau ɗaya a shekaru, hotonsa yana nuna gona da hanya da ganuwa, ba ya bambance fuskar mace da ta namiji, kuma ba ya jefo komai.

6.0 Sunayen Sabon Jirgi

Kalmar jirgi ta yi doguwar tafiya a Hausa. Daga na ruwa aka sami na ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911, sa'an nan na sama. Kowannensu yana da matuƙi, mutum mai suna wanda ake iya gani. Da sabuwar na'ura ta zo, kafofin watsa labarai na Hausa suka kira ta jirgi maras matuƙi, wasu kuma suka ce kurman jirgi. Duka sunayen biyu da rashi suka siffanta ta. Na farko bai cika daidai ba, domin matuƙin yana nan, yana zaune gaban allo a wani ɗaki mai nisa, amma ya dace da abin da mutumin ƙasa yake ji, watau ba wanda zai nuna ya ce shi ne. Na biyu kuwa ya fi zurfi. Kurma yana gani amma ba ya ji, ba a yi masa bayani, ba ya amsa sallama, ba ya jin kuwwa.

Sunayen da sojan saman Nijeriya suka raɗa wa nasu jiragen sun fi waɗannan ban sha'awa ga mai nazarin harshe. Na gwaji da Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar a Kaduna a watan Disamba 2013 sunansa Gulma. Wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Kaduna ran 15 ga Fabrairu 2018, wanda aka ƙera tare da wani kamfanin ƙasar Fotugal, sunansa Tsaigumi, aka kuma fassara wa 'yan jarida shi da ma'anar sa-ido. Bahaushe ya san cewa gulma da tsegumi ba sunayen yabo ba ne. Magulmaci shi ne mai kwasar maganar wani ya kai inda ba a aike shi ba, a bayan idon mai ita. Gaskiya ne kalmar tsegunta tana da fuska mai kyau, kamar a ce an tsegunta wa hukuma maɓoyar ɓarayi. Amma a bakin jama'a mai tsegumi mutum ne da ake rage murya idan ya shigo. Akwai kalmomi irin su tsaro da gadi da sintiri, waɗanda ke ɗauke da amana, ba a zaɓe su ba. Da gangan ko ba da gangan ba, sunayen sun ajiye na'urar a cikin rukunin masu gani a ɓoye su kai rahoto a ɓoye.

Ta fuskar doka, a watan Mayu 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Nijeriya ta hana tayar da irin waɗannan jirage sai da izininta da na ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrin gidansa da na wasiƙunsa da na wayarsa, a 2023 kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan mutane. Sai dai izinin da dokar 2016 ta nema na Abuja ne. Ba ta ce a sanar da mutanen da za a bi ta kan gidajensu ba. Mai ɗaukar hoton biki da ya tayar da ƙaramin jirginsa don ya kamo ayarin amarya ko hawan salla, maƙwabtan da tsakar gidajensu suka faɗo cikin hoton ba su da labari. A ma'aunin Muhtasar, wannan mai dabino ne da ya hau ba gargaɗi.

7.0 Tsakanin Bukata da Tsoro

Da a ce zaman lafiya ake yi, da maganar ta tsaya a kan sutura kawai. Amma dajin yamma da ya ɓoye maharan ƙarni na 19 ya sake zama mafakar 'yan bindiga. Ran 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. Tambayar da ta cika bakin mutane a lokacin ita ce, yaya za a kora yara sama da ɗari uku a ƙasa cikin daji, a ce ba idon da ya gan su? A watan Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, don a toshe bakin masu tsegunta wa 'yan bindiga, waɗanda jama'a ke kira infoma. Kankiya da Kusada ba sa cikin jerin, amma maƙwabciyarsu Dutsin-ma tana ciki. A shekarun da suka biyo baya hare-haren suka matso gabas, ta Matazu da Musawa, suka taɓa ƙauyukan Kankiya, har a 2025 suka kai Tsanyawa da Shanono a Jihar Kano. Manomin da ba ya iya zuwa gonarsa ba zai ƙi idon da zai duba masa daji ba. Wannan ita ce togaciyar al-Mawardi, kuma ita ce aikin mai tsaye bisa ganuwa.

Sai ga abin da ya faru a Tudun Biri, cikin ƙaramar hukumar Igabi ta Jihar Kaduna. A daren 3 ga Disamba 2023 mutanen ƙauyen suna taron Mauludi, jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ya jefa musu bam. Waɗanda suka tsira sun ce da aka taru ana ɗaukar gawawwaki sai aka sake jefo na biyu. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85, yawancinsu mata da yara, ƙungiyar Amnesty kuwa ta ce adadin ya haura 120. Sojan sama suka ce ba su ba ne, daga baya sojan ƙasa suka amsa cewa kuskurensu ne. Babban hafsan sojan ƙasa na lokacin, Laftana-Janar Taoreed Lagbaja, ya je ƙauyen ya ba da haƙuri, a watan Mayu 2024 kuma hedkwatar tsaro ta ce jami'ai biyu za su gurfana gaban kotun soja.

Wannan labari ya ratsa ƙasar Hausa duka, domin babu garin da ba a taron dare: Mauludi, ko biki, ko zaman makoki, ko 'yan sintiri da suka taru da bindigoginsu na gida. Mutumin Rimaye ko na Kusada ya gane cewa daga sama taronsu da na Tudun Biri kama ɗaya ne. Tsoron da ya shigo yanzu ya wuce na a ga abin da bai kamata a gani ba. Tsoro ne na a gan ka a kasa gane ka. Sarkin ƙofa yana iya bambance almajiri da ɗan hari ta murya da gaisuwa da sanin dangi, mai kallon allo kuwa inuwoyi yake gani suna motsi.

Ƙwarewar 'yan'uwa na Jamhuriyar Nijar ta ƙara wani darasi. Amurka ta fara tayar da irin waɗannan jirage daga Yamai a 2013, sa'an nan ta gina sansani a Agadas wanda ya ci dala miliyan ɗari da 'yan kai, ya fara aiki a 2019. Shekaru ana shawagi, hare-hare ba su ragu ba, jama'a kuwa ba su san abin da ake gani ko wanda ake kai wa labarin ba. Gwamnatin soja ta soke yarjejeniyar a watan Maris 2024, mutane suka yi zanga-zanga a Yamai da Agadas suna neman baƙin su tafi, sojan Amurka suka bar sansanin a watan Agusta na shekarar. Haka kuma na'urar ba ta tsaya a hannun hukuma kaɗai ba. A ƙarshen 2024 mayaƙan ISWAP sun yi amfani da ƙananan jirage masu ɗauke da bam a Jihar Borno, abin da ya sa a watan Janairu 2025 rundunar soja ta hana tayar da su a arewa maso gabas ba da izini ba. Saboda haka wanda ya ji ƙugi a bisa gidansa da dare ba shi da hanyar sanin ko na soja ne, ko na mai hoto, ko na ɓarawo.

Yana da kyau a kwatanta wannan da yadda aka karɓi wasu abubuwa biyu. A 2022 kamfanin Zipline ya fara kai magunguna asibitocin karkara da irin waɗannan jirage daga Pambeguwa a Jihar Kaduna, inda aka san mai jirgin da abin da ya ɗauko da wurin da zai ajiye. A watan Oktoba 2023 kuma Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta Jihar Katsina, wadda aka ɗebi matasanta daga garuruwan da za su tsare. Hujjar kafa ta ita ce tsohuwar hujjar nan, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ko wannan runduna tana da nata kurakurai, wanda ta zalunta ya san ƙofar gidan da zai je.

8.0 Kammalawa

An ga yadda mutanen wannan yanki suka zauna da masu kallo iri-iri: mai gadin ganuwa da suka so, malamin haraji da suka ɓoye wa, jirgin safiyo da ba su damu da shi ba, da kurman jirgi wanda suke nema kuma suke tsoro. Abin da ya bambanta karɓar da aka yi wa kowannensu shi ne matsayinsa ga sharuɗɗan nan uku da aka ambata a farko. Ana iya cika su a yau ba tare da an raunana tsaro ba. Jirgin da ba na yaƙi ba, na biki ko na safiyo ko na aikin gona, babu abin da zai hana a sanar da dagaci da mai unguwa kafin a tayar da shi, a kuma hana shi ratsa tsakar gidaje. Na soja ba za a yi shelar tashinsa ba, amma ana iya wajabta tuntuɓar wanda ya san ƙasar kafin a yi harbi a kusa da gari, a kuma bayyana sakamakon bincike da sunan wanda ke da alhaki idan an yi kuskure, a biya diyya kamar yadda shari'a ta tanada a kisan kuskure. Ga malaman fiƙihu da masana harshe kuma akwai aiki a gaba: babin tagar maƙwabci da na mai hawan dabino suna bukatar sabon sharhi, kuma har yanzu Hausa ba ta tsayar da suna guda ga wannan na'ura ba.